Joj Orwel: ɗan sandan Turawa da ya koma mai gargaɗi kan mulkin danniya da na'urorin zamani

Yau za mu leƙa ƙasar Ingila, mu ɗauko rayuwar wani marubuci da ya mutu tun shekarar 1950, amma har gobe sunansa ake fara ambata duk lokacin da aka ji wata gwamnati tana sauraren wayoyin mutanenta, ko ta rufe jarida, ko ta yanke intanet. Sunansa Joj Orwel, mutanen ƙasarsa suna rubuta shi George Orwell. Shekara 46 kaɗai ya yi a duniya. A cikinsu ya yi aikin ɗan sanda, ya yi wanke-wanke a otal, ya koyar a makaranta, ya riƙe shago a ƙauye, ya je yaƙi, ya yi aikin rediyo, sannan ya bar littattafai biyu da masu mulkin kama-karya suka tsana a ko'ina suke. Abin da ya dame shi tsawon rayuwarsa tambaya ce wadda duk ɗan kasuwa ya san nauyinta: in an kawo sabon ma'auni cikin kasuwa, a hannun wa yake, kuma wa ke duba mai awon?

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ran 25 ga watan Yuni 1903 a garin Motihari na ƙasar Indiya, lokacin tana ƙarƙashin Turawan Ingila. Sunansa na yanka Erik Blair. Ubansa ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin gwamnatin mulkin mallaka mai kula da ofiyom, wani abin maye da ake nomawa a Indiya ana kaiwa ƙasar Sin ana sayarwa. Uwarsa kuwa ta tashi ne a ƙasar Bama, ubanta Bafaranshe ne. Yana ɗan shekara guda ta ɗauke shi zuwa Ingila, a can ya girma.

Gidansu gidan rufin asiri ne, akwai suna amma ba dukiya. Da ya kai shekara 8 aka sa shi makarantar kwana ta ƴaƴan masu kuɗi, aka rage wa iyayensa kuɗin makaranta saboda ƙoƙarinsa. Daga baya ya ba da labarin yadda masu makarantar suka riƙa yi masa gori da wannan ragi, da yadda ake bambanta ɗan mai hali da ɗan marar hali ko a wajen bulala. A 1917 ya samu tallafin karatu ya shiga Iton, makarantar da manyan Ingila ke kai ƴaƴansu. Ya gama a 1921. Abokansa suka wuce jami'a, shi kuwa ba kuɗi, ba kuma sakamakon da zai samo masa wani tallafin, sai ya nemi aikin ɗan sanda a ƙasashen da Ingila ke mulka.

Shekara biyar da kaki a Bama

A 1922, yana da shekara 19, ya sauka Bama, ƙasar da ake kira Miyanma a yau. Ya koyi harshen mutanen, ya yi aiki a garuruwa da dama, har da Insein inda babban gidan kaso yake. Yaro ne ɗanye, amma dattawa ke sunkuya masa saboda kaki da launin fata. A nan ya ga mulkin danniya daga ciki: fursunoni a ɗaure, mutanen da aka zane da gora, masu kai rahoto a asirce, da Turawa ƴan uwansa waɗanda su kansu ba su iya faɗin abin da ke ransu don tsoron a ce sun goyi bayan baƙar fata.

Akwai labarin da ya rubuta a 1936 wanda ya nuna abin da ya koya a can. Wata giwa ta aiki ta tsinke sarƙa, ta shiga kasuwa ta watsa rumfunan masu kayan marmari, ta tattake wani lebura har lahira. Aka kira ɗan sanda Bature. Kafin ya isa da bindiga giwar ta huce, tana cin ciyawa abinta, ba dalilin kashe ta, ga shi kuma dukiya ce mai tsada ga mai ita. Amma jama'a sun taru a bayansa, sun kai dubu biyu, suna jiran su ji ƙarar bindiga. Sai ya harbe ta don kada a yi masa dariya. Darasin da ya ciro shi ne, mai mulki da ƙarfi shi ma ɗaurarre ne, dole kullum ya nuna ƙarfi ko da ya san ba gaskiya gare shi ba.

A 1927 zazzaɓi ya kama shi, ya tafi hutu gida, daga nan ya ajiye aikin. Iyayensa ba su ji daɗi ba, don aiki ne mai albashi da fansho. Shi kuwa ya ce rubutu zai yi.

Ya shiga rigar talaka

Nauyin abin da ya aikata a Bama bai bar shi ba. Ya sayi tsummokara ya sa, ya shiga cikin marasa wurin kwana na birnin Landan, yana kwana inda suke kwana. A 1928 ya koma Paris, kuɗinsa suka ƙare, ya yi kwana da yunwa, ya jinginar da tufafinsa, daga bisani ya samu aikin wanke kwanoni a ƙarƙashin wani babban otal, tun asuba har dare cikin zafi da ƙazanta, manya na sama suna cin abinci ba su san da shi ba. Wannan rayuwa ya tattara a littafinsa na farko da ya fito a 1933. Don kada ya kunyata iyayensa sai ya ari suna: Joj, sunan da ya cika Ingila, da Orwel, sunan wani kogi na yankin da iyayensa ke zaune.

A farkon 1936 ya tafi garin Wigan da kewaye, a arewacin Ingila, inda ake haƙar kwal, wato gawayin ƙasa. Ya shiga ramin da kansa, yana tafiya a duƙe don shi dogo ne ƙwarai, ya zauna gidajen marasa aiki, yana rubuta kuɗin haya, da kuɗin burodi, da yawan mutanen da ke kwana ɗaki guda. A littafin da ya fito daga wannan tafiya a 1937 ya fara bayyana ra'ayinsa kan injuna. Ya yarda ba mai iya mayar da duniya zamanin da ba inji, kuma wanda ya taɓa aikin ƙarfi ba zai so hakan ba. Amma ya ce a karɓi inji yadda ake karɓar magani mai ƙarfi, da taka-tsantsan, don yana da amfani, yana da haɗari, kuma yana kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da shi.

A 1936 ɗin ya kama hayar wani tsohon gida a ƙauyen Walinton, sule 7 da sisi na kuɗin Ingila a mako, ba lantarki. Gidan tsohon shagon ƙauyen ne, sai ya sake buɗe shi. Yana sayar da ƴan kayan masarufi, yara suna zuwa sayen alewa da ƴan kwabbansu, ribar da kyar take biyan haya. Yana kiwon kaji da awaki, yana noman lambu, tsakanin ciniki da ciniki yana rubutu. Ran 9 ga watan Yuni 1936 ya auri Ailin, mace mai ilimi wadda ta bar karatunta ta zo ta zauna da shi cikin wannan hali.

Harsashi a wuya a Ispaniya

Wata shida da aure ya ɗauki hanyar Ispaniya. A can wani janar mai suna Faranko ya tayar wa zaɓaɓɓiyar gwamnati, Hitila na Jamus da Musolini na Italiya suna ba shi jirage da sojoji. Orwel ya isa Barsalona a watan Disamba 1936, ya shiga rundunar wata ƙaramar jam'iyyar ma'aikata mai suna POUM, ya yi watanni cikin ramuka da sanyi da ƙwarƙwata. Ran 20 ga watan Mayu 1937, da sassafe, harsashi ya ratsa wuyansa. Saura kaɗan ya tsinke babbar jijiya. Ya rayu, amma muryarsa ba ta koma daidai ba.

Abin da ya fi harsashin yi masa ciwo daga ɓangarensu ya fito. Tarayyar Sobiyet, ƙarƙashin Sitalin, ita ke sayar wa gwamnatin Ispaniya makamai, don haka ƴan kwaminis masu biyayya gare ta suka yi ƙarfi. Suka ƙaga cewa POUM ƴan leƙen asirin Faranko ne. A watan Yuni aka haramta jam'iyyar, aka kama shugabanta Andres Nin aka kashe shi a ɓoye, aka cika gidajen kaso da mutanen da jiya-jiya suke bakin daga. Ƴan sanda suka shiga ɗakin Ailin a otal cikin dare suka kwashe takardun mijinta. Shi kuma ya riƙa kwana a kango, da rana ya yi shigar ɗan yawon buɗe ido, har suka samu suka tsallaka Faransa a jirgin ƙasa.

Da ya koma gida ya duba jaridu, sai ya tarar an ba da labarin faɗan da ba a yi ba, an yi shiru kan wanda ɗaruruwa suka mutu, an kira jarumai maciya amana. Wannan ya tsorata shi fiye da bindiga. Ya ga cewa in mai iko ya mallaki injin buga jarida da gidan rediyo, yana iya sauya abin da ya faru jiya, kamar mai bin bashi da ya riƙe littafin shi kaɗai, yana gogewa yana rubutawa, wanda ake bi kuma ba shi da shaida. Littafin da ya rubuta kan yaƙin ya fito a 1938. An buga kwafi 1,500, har ya mutu ba su ƙare ba.

Wata shida a Maroko

A 1938 ya fara aman jini, alamar ciwon huhun da zai zama ajalinsa. Likitoci suka ba shi shawarar ya nemi ƙasa mai ɗumi, sai shi da matarsa suka tafi Marakesh ta Maroko, daga Satumba 1938 zuwa Maris 1939. A can wata rana ya tsaya bakin hanya yana kallon dogon jerin sojoji baƙar fata na rundunar Faransa suna wucewa cikin ƙura, irin waɗanda ake kira sojojin Senegal, alhali daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama ake ɗebo su, har da ƙasarmu. A rubutun da ya yi kan wannan rana ya ce duk Baturen da ke wurin tunani guda ke ransa, wato har yaushe za a ci gaba da ruɗin mutanen nan kafin su juya bakin bindigoginsu. Shekara 21 bayan haka yawancin ƙasashen suka samu ƴancin kai.

A bayan makirfo

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 ya nemi shiga soja, aka ƙi shi saboda huhunsa. A watan Agusta 1941 ya kama aiki a BBC, sashen da ke watsa shirye-shirye zuwa Indiya. Aikinsu shi ne su riƙe zukatan Indiyawa a ɓangaren Ingila, don rediyon Jamus ma yana yi musu magana yana zuga su. Kowane rubutu sai mai tacewa ya duba shi kafin a karanta. Ita ma Ailin ta yi aiki a ofishin tace labarai na gwamnati. Ke nan mutumin da ya tsani farfaganda ya yi fiye da shekara biyu yana cin abinci da ita, ko da yake ya ce bai yarda ya faɗi abin da ya san ƙarya ne ba. Ya bar aikin a Nuwamba 1943, yana ganin ɓata lokaci ne, don masu akwatin rediyon da ke kamo tashar a Indiya ba su da yawa. Abin mamaki, duk da shekarun da ya yi a gidan rediyo, har yau ba a samu faifan da ke ɗauke da muryarsa ba.

Zaman BBC ya ƙara wasa tunaninsa kan na'urori. A ganinsa rediyo ba shi da laifi a kan kansa, abin dubawa shi ne kusan ko'ina gwamnati ce ko manyan kamfanoni ke riƙe da shi, kuma magana hanya guda take bi, daga sama zuwa ƙasa. A 1944 ya ƙaryata masu cewa jirgin sama da rediyo sun haɗa duniya wuri guda. Ya nuna cewa kafin yaƙin 1914 mutum na iya ratsa ƙasashe da yawa ba fasfo, amma a zamanin jirgi da rediyo iyakoki sun ƙara tsauri, kowace gwamnati kuma tana cika kunnen mutanenta da nata zance.

A watan Oktoba 1945, wata biyu bayan Amurka ta jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, ya kawo wani ma'auni da ya kamata mu riƙe. Ya ce a duba tarihi: zamanin da makamin da ya fi ƙarfi yake da araha, kowa na iya samu, talaka yana da bakin magana. Zamanin da makamin yake da tsada da wuyar ƙerawa, irin su tankar yaƙi da jirgin sama da wannan sabon bom, iko yana taruwa hannun ƴan kaɗan. Ya yi hasashen duniya za ta rabu tsakanin manyan ƙasashe biyu ko uku da ba su iya cin juna da yaƙi, kowace tana danne nata mutane. A rubutun nan ya yi amfani da kalmar yaƙin cacar baka tun kafin ta zama ruwan dare.

Gandun Dabbobi

Tsakanin Nuwamba 1943 da Fabrairu 1944 ya rubuta wata tatsuniya. Dabbobin wata gona sun gaji da zaluncin mai gonar, suka kore shi, suka rubuta dokoki bakwai a bango, suka yi alkawarin zama daidai wa daida. Aladu, da yake sun fi wayo, suka karɓi jagoranci. Aka fara da keɓe musu madara da ƴaƴan itace. Babban alade ya yi renon karnuka a ɓoye, ya kori abokin takararsa da su, daga nan duk abin da ya lalace sai a ce korarren ne ya yi. Cikin dare ake ƙara ƴan kalmomi a dokokin bango, da safe dabbobi su ga kamar ba haka suke ba jiya, amma yawancinsu ba su iya karatu ba, sai su zargi mantuwarsu. Dokin da ya fi kowa aiki, da ƙarfinsa ya ƙare, aka sayar da shi ga mahauta aka ce asibiti aka kai shi. A ƙarshe aladu suka tashi da ƙafa biyu suna cin abinci da mutane, ba a iya bambanta su.

Kowa ya gane da Sitalin ake, ga shi lokacin Rasha abokiyar Ingila ce a yaƙi. Kamfanonin buga littattafai suka riƙa mayar masa da shi ɗaya bayan ɗaya. A watan Yuni 1944 wani bom mai tashi da kansa na Jamus ya rusa gidan da suke haya a Landan, sai cikin ɓaraguzai ya tono rubutun. Littafin bai fito ba sai ran 17 ga Agusta 1945, kuma nan da nan ya ƙare a kasuwa. An fassara shi cikin harsuna masu yawa. Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi, aka buga a Ibadan a 1975.

Ailin, wadda yake karanta wa littafin kowane dare tana ba shi shawara, ba ta ga fitowarsa ba. Ta mutu ran 29 ga Maris 1945 a kan gadon tiyata, tana da shekara 39, ta bar shi da jaririn da suka ɗauka reno, Ricad.

Tsibirin Jura da littafin 1984

A 1946 ya ƙaura zuwa tsibirin Jura na yankin Sikotlan, wani gidan gona a ƙarshen hanya, ba lantarki, ba tarho. A can ya rubuta littafinsa na ƙarshe, wanda ya sa wa suna 1984. Tarin fuka ya kwantar da shi a ƙarshen 1947. Wani abokinsa mai jarida ya samo masa sabon magani daga Amurka, amma jikinsa bai karɓe shi ba, dole aka tsayar. Da ya rasa wanda zai zo tsibirin ya buga masa rubutun, sai ya buga da kansa a keken rubutu, yawanci daga kan gado, ya gama a Disamba 1948. Littafin ya fito ran 8 ga Yuni 1949.

Labarin wata ƙasa ce da jam'iyya guda ke mulka, hoton shugabanta, wanda ake kira Babban Wa, yana kowane lungu. A bangon gidan kowane ɗan jam'iyya akwai allo irin na talabijin, yana zuba farfaganda dare da rana, yana kuma gani yana ji, ba shi kasuwa. Ba ka san lokacin da ake kallonka ba, don haka kullum sai ka zauna kamar ana kallonka. Ana koya wa yara kai ƙarar iyayensu. Ana rage kalmomin harshe kowace shekara don a wayi gari ba kalmar da mutum zai yi tunanin tawaye da ita. Jarumin labarin, Winston, aikinsa gyara tsoffin jaridu, a ƙone na asali. A wani wuri an rage rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, kashegari aka yi shelar an ƙara shi zuwa 20, jama'a suka fito godiya. Winston da masoyiyarsa suka kama ɗaki a saman shagon wani tsoho mai sayar da tsoffin kaya, ashe tsohon ɗan sandan ciki ne, allon kuma yana ɓoye bayan wani hoto. Aka azabtar da shi har ya yarda biyu da biyu ba huɗu ba ne in jam'iyya ta ce haka, ya kuma ba da masoyiyarsa don ya tsira.

A lura, lokacin da ya rubuta wannan, talabijin sabon abu ne ko a Ingila, gidaje kaɗan ke da shi. Kuma a cikin labarin ilimin kimiyya bai ci gaba ba sai ta fuska biyu, yaƙi da leƙen asiri. Lif ba ya aiki, reza ta yi wuya, amma allon bango bai taɓa lalacewa ba. Kafin ya mutu ya bayyana cewa littafin gargaɗi ne, kuma da gangan ya sa labarin a Ingila don kada mutanensa su ɗauka irin wannan mulki sai a ƙasar wasu.

Tabon da ya bari

Ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa tabo a tarihin ɗan Adam. A 1949, yana kwance asibiti, ya ba wata abokiyarsa da ke aiki a wani sashen farfaganda na ma'aikatar harkokin wajen Ingila jerin sunaye 38 na marubuta da ƴan jarida da ƴan wasa waɗanda yake ganin suna karkata ga kwaminis, kada a ba su aikin sashen. Har da ɗan wasan barkwancin nan Cali Caplin, wanda aka fi sani da Sharlo. Jerin bai fito fili ba sai 2003. Masu kare shi suna cewa ba wanda aka kama ko aka kora saboda shi. Masu suka suna cewa mutumin da ya rubuta 1984 bai kamata ya miƙa wa hukuma sunan kowa a asirce ba. Takardun da gwamnatin Ingila ta saki a 2007 kuma sun nuna shi kansa ƴan sandan ciki sun yi shekaru suna bin sawunsa.

Ya auri Soniya Brawnel ran 13 ga Oktoba 1949 a ɗakin asibiti a Landan. Ran 21 ga Janairu 1950, cikin dare, jijiya ta fashe a huhunsa, ya mutu. An binne shi a wani ƙauye, kuma sunansa na yanka kaɗai aka rubuta a kabarin, da ranar haihuwa da ta mutuwa.

Abin da ya rage mana

Tarayyar Sobiyet ta haramta littattafan nan biyu har zuwa 1988, mutane suna kwafarsu a ɓoye suna ba juna. A Jamus ta Gabas, lokacin da mulkin kwaminis ya faɗi a 1989, an tarar hukumar leƙen asirin ƙasar tana da ma'aikata kusan 90,000, ban da masu kai rahoto fiye da 170,000. Ƙasashen da ke kiran kansu na dimokuraɗiyya ma ba su tsira ba. A 2013 Edwad Snowden ya tona yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke tattara bayanan wayoyin miliyoyin mutane, cinikin littafin 1984 ya tashi a makon. A 2009 kamfanin Amazon, saboda rikicin haƙƙin mallaka, ya goge littattafai daga na'urorin karatu na mutanen da suka riga suka biya kuɗinsu, ba tare da ya taɓa na'urorin da hannu ba, kuma littattafan da aka goge su ne 1984 da Gandun Dabbobi. A 2021 ƴan jarida na ƙasashe da yawa suka bankaɗo yadda ake amfani da wata manhaja mai suna Pegasus ana shiga wayoyin ƴan jarida da ƴan adawa.

Akwai abin da Orwel bai hango ba. A littafinsa hukuma ce ke kafa allon da ƙarfi. Yau mu ke sayen namu da kuɗinmu, mu sa a aljihu ko a ƙulla a bakin zane, kuma yana da amfanin da ba mai musu: da salula ake jin farashin wake da albasa kafin a yi lodi, da ita ake aika kuɗi, da ita talaka ke ɗaukar hoton zalunci duniya ta gani. In muka auna da ma'auninsa na 1945, wayar kanta abu ne mai araha da ke ƙara wa talaka ƙarfi. Sai dai eriya, da layin, da rumbun da ake tara bayanan wa ya kira wa, daga ina, da ƙarfe nawa, duk suna hannun ƴan kaɗan. Mun ga haka a nan gida a watan Fabrairu 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, da aka yanke intanet ɗin salula kusan kwana 10, masu ciniki ta WhatsApp suka zauna hannu rabbana. Maƙwabtanmu na Najeriya ma an rufe musu Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

Don haka jifa da waya cikin rijiya ba shi ne magani ba, kuma ba abin da Orwel ya nema ke nan ba. Abin da rayuwarsa ke koyarwa shi ne, duk na'urar da aka kawo, a tambayi wa ke iya kashe ta, wa ke iya saurare ta cikinta, da izinin wane alƙali, kuma ina mutum zai kai kuka in an cuce shi. A kuma riƙe abin da ido ya gani, a rubuta, kada a bar wa mutum guda littafin bashi. Ƴar kasuwar da ta san nawa ta sayi tiyar hatsi bara, ba mai shelar da zai sa ta yarda farashi ya sauka alhali ya hau.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani.